Zaƙami a Furar Taubashina

Shekarun da ake gina madatsar Bakalori ina saurayi, ƙarfi ya yi mini yawa, hankali kuwa bai gama isowa ba. Gidanmu yana Talatar Mafara, aikina yana wajen Bakura, inda ake haƙar hanyoyin da ruwa zai bi ya shiga gonaki. Lebura nake. Da safe babbar mota ta kwashe mu, da la'asar ta dawo ta zubar da mu, jiki ja wur da ƙasa, ko uwar mutum sai ta duba sau biyu kafin ta gane shi.

A can na fara ganin manya suna shan zaƙami. Shukar kam kowa ya san ta. A juji take fitowa bayan gida, da farin fure dogo, da 'ya'ya masu ƙaya, ko akuya ba ta kula ta. Iyayenmu mata haukata-yaro suke ce mata, kuma duk yaron da aka gani yana wasa da ita sai ya sha duka. To amma wurin aikin nan an tara mutane daga ko'ina, kowa da halin da ya zo da shi. Akwai masu jefa ƙwayar a shayi ko a kunu, wai don kada su ji rana. Na ga wani da abin ya fi ƙarfinsa, ya wuni yana kwasar iska da shebur, ya durƙusa gaban baro yana gaishe shi wai surukinsa ne. Mun yi dariya har da faɗuwa. Bayan kwana biyu ya dawo aiki garau, bai tuna komai ba, mu ne ma muke ba shi labarin kansa. Abin da na ɗauka ke nan daga wurin: abin dariya ne, kuma yana wucewa. Ni ban taɓa sha ba, don ina tsoron jikina ƙwarai.

Ina da taubashi, ɗan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da aka aurar a wani ƙauye kusa da Maradun, bakin gulbi. Shekara biyu ya ba ni. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana nake kiransa, shi kuma ya ce ai ubangidan da ke haƙar rami da shebur bai ga ta bawa ba. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi zaton gaba muke yi. Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa, babu abin da ba a yi, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Ya taɓa ɗinke mini ƙafar wando ranar Sallah. Na taɓa zuba masa ƙaiƙayi a riga yana shirin zuwa gidan surukai. Manya su gani su yi murmushi su wuce.

Amma akwai guda da ta tsaya mini a wuya. Wata yarinya nake nema a lokacin, mai sayar da ƙuli a kasuwar Talata. Ina tsaye gabanta ina ta gyara hula, sai ga shi ya ɓullo, ya dafa kafaɗata, ya ce mata ta yi tanadin tabarma biyu, don ɗan kawun nan nasa har yau sai an shanya masa shimfiɗa da safe. Ƙarya ce tsagwaronta, amma rumfa uku suka kwashe da dariya, ita ma ta rufe baki da gyale kafaɗunta suna rawa. Na yi dariya tare da su, ba ni da zaɓi. Ban sake komawa wurinta ba. In zan faɗi gaskiya duka, ba wannan kaɗai ba ne. Shi ya sauke Alƙur'ani, yana da mata da 'yar ɗiyarsa, yana da murya. Mahaifina ba ya buɗe baki ya yi mini faɗa sai ya kawo sunansa. Ina sonsa, kuma ina jin haushinsa, duka biyun gaskiya ne.

Da ruwa ya fara taruwa bayan madatsa aka tashi ƙauyensu, aka mai da su kan wani tudu mai tsakuwa, gidaje a jere kamar an ja layi da igiya. Gonakinsu na fadama, da maƙabarta, da tsohuwar tsamiyar bakin masallaci, duk suka tafi ƙarƙashin ruwa. Mutanen suka yi gayya suka gina sabon masallaci na ƙasa, aka rufa kwano. Tsohon ladaninsu muryarsa ta ƙare, sai dattawa suka haɗu a kan taubashina. Aka sa ranar buɗe masallaci, shi zai yi kiran azahar na farko, daga nan ladanci ya zama nasa. Ga mutanen da aka raba da komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aka aika wa dangi na Mafara da na Faru, kowa ya zo.

Ni kuwa na ga ranar ramuwa ta samu. Na san zaƙami yana busar da maƙogwaro. Abin da na tsara a raina shi ne ya hau ya buɗe baki, murya ta shaƙe, ya yi 'yar tangaɗi, in samu abin tsokanarsa na shekara goma. Na tsinko busassun 'ya'yan a jujin bayan gidanmu, na fasa, na niƙa ƙwayar da dutse, na ƙulle a takarda. Ban tambayi kowa gwargwado ba, don kada a tambaye ni wa zan ba. Haushi ne ya auna mini.

Da hantsi muka isa. Na sayi fura da nono wurin wata Bafillata, na dama da hannuna a bayan zaure, na juye garin ƙwayar a ciki, na kai masa. Yana zaune ya sha sabuwar riga fara, ana naɗa masa rawani, abin da bai saba ba. Ya karɓi ƙwaryar yana dariya, ya ce wa mutanen zauren su shaida, yau ubangida ya san matsayinsa. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce da ɗaci-ɗaci. Na ce nonon jiya ne, bawa kuma ba ya zaɓen abinci. Ya ɗaga ƙwaryar ya shanye tas. Tun safe bai ci komai ba saboda zumuɗi.

Kafin rana ta take ya fara neman ruwa. Ya sha moɗa ɗaya, ya sha ta biyu, ya ɗauki butar alwala ya kafa kai. Fuskarsa ta yi zafi, amma babu ɗigon gumi, alhali kowa a zauren ya jiƙe. Na lura baƙin idonsa ya buɗe ya cinye sauran, yana ta ƙifta ido yana kare haske da hannu. Dattawa suka ce fargaba ce, kowa da irin tasa. Ni ina gefe ina cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

Lokaci ya yi. An shimfiɗa tabarmi har waje, mata sun leƙo ta saman zana, surukinsa yana sahun gaba kusa da mahaifina. Ya hau dakalin da aka yi domin kira, ya kai hannu kunne. Kabbarar farko ta fito a shaƙe, kamar ta tsohon zakara. Na sunkuyar da kai ina jin daɗi, na ce a raina shi ke nan, na rama.

Sai ya yi shiru. Ya sauke hannu, ya ƙura wa ƙasa ido, ya fara tattare rigarsa sama.

"Ruwa ya iso," ya ce. "Ku ɗauke tabarmi, ga shi nan ya kai gwiwa."

Wani ya ce masa ya ci gaba da kira. Bai ji ba. Ya diro daga dakalin yana ɗaga ƙafa irin ta mai ratsa gulbi, yana ture mutane, yana cewa allunan yara suna yawo a kan ruwa a kamo su. Ya kira mahaifinsa, wanda ya shekara shida a kabari, ya ce masa ya riƙe reshen tsamiya kada ya saki. Ya tsaya gaban liman ya sa yatsu a gemunsa yana tsince wani abu a hankali, yana jefawa a aljihu, wai ƙananan kifaye ne. A nan na ji dariya ɗaya ta fita, tawa ce. Na duba, babu wanda ya taya ni.

Daga nan ya warware rawanin, ya cire riga, ya cire wando, gaban surukinsa da matan gari. Ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa yana iyo. Yana jan jiki, tsakuwa tana yanka masa ƙirji, shi bai sani ba. Surukin ya juya wa wurin baya. Gwaggo ta keto maza ba ko mayafi ta faɗa kansa tana rufe shi da zanenta, ya dube ta bai san ta ba, ya ce wace ce wannan matar da take son nutsar da shi, ya hankaɗe ta ta faɗi zaune. Ƙarti huɗu suka danne shi, aka ɗaure shi da rawanin da aka naɗa masa da safe. Azahar ɗin ranar wani tsoho ne ya kira ta, can wajen la'asar.

Ba a sha wahalar gano ciwon ba, don amsar tana bakin kowa tun kafin abin ya faru. Tun da ruwa ya rufe tsamiya da maƙabarta ake cewa mutanen ɓoye sun rasa mazauni, suna nan suna neman inda za su sauka. Ga shi kuwa sun sauka a kan wanda zai kira salla, kuma ruwa yake gani. Me ya rage? Wani dattijo ɗaya ne ya ce a dai bincika, wani lokaci hannun mutum ne. Mahaifina yana zaune, idonsa ja, ya buga sandarsa a ƙasa.

"In hannun mutum na, ko ɗiyan cikina na, ban yahe mai ba duniya da lahira."

Ina tsaye bayansa ya faɗi haka, takardar tana aljihuna ban ko yar ba. Mahaifina ba ya magana biyu, kuma a wurinmu wanda uba ya yi wa baki ya gama yawo. Na ce wa kaina ba yanzu ba, sai ƙura ta lafa.

Aka samo a-kori-kura aka ɗora shi a baya, za a kai shi wurin wani mai maganin mahaukata a wani ƙauye gaba da Damri. Ni na zauna na riƙe masa ƙafafu. Duk hanya yana tsince abubuwa a iska yana hira da matattu, bakinsa ya bushe har leɓe ya tsage. Gwaggo tana kuka tana sa mini albarka, tana cewa yau ta san ɗan'uwanta ya haifa mata ɗa.

Gidan mai maganin fili ne da aka kewaye da ƙaya, da gungumen itace a tsakiya, mutane biyar ko shida a jikinsa, kowa da mari a ƙafa. Aka kira maƙeri ya buga wa taubashina nasa. Aikin mutumin iri biyu ne, hayaƙi da tsumagiya. A lulluɓe majinyaci da bargo a tura masa kasko har ya shiɗe, sannan a yi ta dukansa, wai ba shi ake duka ba, na jikinsa ake duka, sai ya faɗi sunansa ya yi alkawarin fita. Na ga an fara kafin mu bar wurin. Na lallashi kaina da lissafin da na koya wurin aiki: kwana biyu abin zai sake shi, su ga ya warke, a yaba wa mai magani, a kwance shi, magana ta mutu. Washegari na hau motar aiki na tafi haƙar rami.

Ran kwana na biyar muka koma dubiya, ni da mahaifina da Gwaggo da surukinsa. Tun daga bakin ƙaya na san ya dawo. Yana zaune ya jingina da gungume, idonsa irin na da, ya nemi tsumma ya rufe jikinsa. Bayansa duk ya fashe, ƙuda suna bi. Ya gaida kawunsa, ya gaida surukinsa kansa a ƙasa, ya tambayi Gwaggo ɗiyarsa. Abin da ya faru a masallaci bai tuna ko ɗaya ba, a nan aka ba shi labari, kuma an ba shi duka, ba a rage masa komai ba. Ya ce tun shekaranjiya yake gaya musu lafiyarsa lau. Mai maganin ya ce ai duk haka suke cewa, mai wayon cikin aljanu shi ne ke lafewa ya ari hankalin mutum ya yi magana da shi.

Kwana uku ya yi a ɗaure da hankalinsa, ba abin da yake yi sai tunani. Ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da hannu. Na matsa na tsuguna. Bai ɗaga murya ba, amma wurin shiru ne, kowa ya ji.

"Ran nan ban ci komi ba in ba hurakka ba. Kuma ɗaci gare ta. Mi kas sa ciki?"



"Ni ban riƙe ka ba," ya ce. "Wasa na, na sani, hannunka ya zarce. Ni ma na yi ma abin da yaf fi ƙarhin wasa. Hwaɗa musu kawai su kwance ni in tai gida."

Ko a lokacin hanya yake buɗe mini. Ya riga ya sa wa abin suna wasa, ya ɗauki rabin laifin ya ɗora wa kansa. Kalma uku ta ishe ni. Na waiwaya, mahaifina ya zuba mini ido, hannunsa a kan sanda. Na san wannan kallon tun ina yaro.

Sai na yi dariya. Irin dariyar da na saba yi masa, wadda kowa a wurin ya san ta, ita ta fito mini ba tare da na neme ta ba. Na miƙe na kakkaɓe riga.

"Kun jiya ko? Ran nan kihi cikin gemun liman, yau kuma ni. Bawan ga nawa da saura, malam, a ƙara mai hayaƙi."

Surukin ya yi ɗan murmushin takaici. Gwaggo ta fashe da kuka, ta ce wa ɗanta ya ji tsoron Allah, wannan da ya riƙe masa ƙafa tun daga gida har nan. Mai maganin ya gyaɗa kai, ya ce aikin aljanu ke nan, in sun ga za a kore su sai su haɗa dangi faɗa. Mahaifina ya sauke numfashi, ya kawar da ido daga kaina. Na ji sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Taubashina bai yi gardama ba, bai zage ni ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya mai da kai ya jingina da gungumen. Muna fita ana hura kasko.

Sai da damina ta zauna aka sake shi. Na ji an ce da ya ga gaskiya ba za ta fitar da shi ba, ya ƙirƙiro wa aljanin suna, ya yi magana da wata murya, ya yi rantsuwar fita, aka yi murna an ci nasara. Kafin ya dawo iyayen matarsa sun ɗauke ta da ɗiyar, alƙali ya raba auren, babu wanda ya ga laifinsu. Ladanci an ba wani mai murya kamar ana jan kwano a ƙasa. A sahu mutane suna barin ɗan fili tsakaninsu da shi. In ana shawara ya sa baki sai a ce to, to, a ci gaba da magana. Yara suna binsa suna tattare riga suna cewa ruwa ya iso. Ya koma noman tsakuwar da aka ba su, da tufkar igiya a ƙofar gida, ƙafarsa ta dama da zoben tabo. Bai sake gaya wa kowa maganar fura ba. Ko ya faɗa, wa zai karɓi shaidar wanda ya sha mari?

Bayan sakinsa da 'yan kwanaki mahaifina ya aike ni in kai wa Gwaggo dawa. Na same shi a ƙofar gida yana tufka. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, amma da na gan shi sai tsohon hali ya riga ni, na ce bawana an sha hutu, har an yi ƙiba. Jira nake ya rama. Da ya rama, ko da zagin uwa ne, da na samu inda zan tsaya.

Ya ajiye igiyar, ya miƙe, ya cire takalmi, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa. Kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina Kawu? Ina mutanen Mahwara? Ina aiki? Madalla. Allah shi huce gajiya."

Taubashi ba ya gaida taubashi haka. Wannan gaisuwar baƙo ce, ta wanda ba ka sani ba kuma kake tsoron sharrinsa. Ya shiga ya ɗauko mini tabarma, ya kawo ruwa da hannu biyu, ya koma nesa ya zauna a ƙasa. Gwaggo ta ce in gani, ciwon nan ko ba komai ya bar masa ladabi.

Mahaifina ya rasu yana sa mini albarka, Gwaggo ma haka. Taubashina ya yi shekaru masu yawa bayansu, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza da kasuwa. Na tsokane shi gaban mutane, na tsokane shi mu biyu, na taɓa tare shi a hanyar gona na ce ya zage ni don Allah. Ya saurare ni har na gama, ya cire takalmi, ya tambaye ni ina gajiya, ina iyali.